Kwanon Juma'a da Ganyen Madam

Wata Juma'a ce cikin marka kwanon Inna ya dawo mini a cike. Inna ita ce mahaifiyar maigidana, tana zaune a Roni, mu kuma muna Kazaure. Tun shekarar da aka kawo ni gidan nan, duk Juma'a nakan tuƙa tuwon shinkafa, in yi miyar taushe, in zuba a samira mai murfi, in ɗaure da tsohon ɗankwali, in ba wani dattijo ɗan acaɓa da ke bin hanyar ya kai mata kafin a tafi masallaci. Bayan la'asar ya dawo mini da kwanon a wanke. Kuma bai taɓa dawowa wayam ba. Wannan satin daddawa, wancan satin gyaɗa ko garin kuka, in ma babu komai sai ta saka ƙwan zabi biyu. Shekara ashirin da wani abu muna haka, ban da lokacin da nake jego.

A waccan Juma'ar da na karɓi kwanon na ji nauyi, har na ce wa dattijon yau Inna ta yi mana kaka da wuri. Bai yi dariya ba, ya juya babur ɗinsa ya tafi. Sai da na shigo tsakar gida na lura ɗaurin nawa ne. Ni ina ɗaure ɗankwali sau biyu in tura bakinsa ƙasa, Inna kuwa sau ɗaya take ɗaurewa ta bar kunnuwa a tsaye. Na kwance. Malmala uku suna nan yadda na jera su, man miyar ya daskare a sama. Ko murfin ba a ɗaga ba.

Na zauna a kan turmi da kwanon a cinyata. Abin da ya fara zo mini shi ne ba ta da lafiya. Da Malam ya dawo daga kasuwa, wato maigidana, na sa ya kira wayar maƙwabcinta, aka ce lafiyarta ƙalau, tana ma gona tana cirar ciyawa a cikin gyaɗarta. Juma'a ta biyu kwano ya sake dawowa da ɗaurina. Ta uku ma haka. Na tsare ɗan acaɓan a zaure na ce don Allah ya faɗa mini abin da take cewa. Ya ce ba ta cewa komai, karɓa take ta ajiye a kan dakali, in ya dawo ɗauka ta nuna masa da baki.

Na bi duk abin da na yi a watannin nan ɗaya bayan ɗaya. Na tuna gaisuwar sallah, na tuna atamfar da na kai mata, na tuna ko na yi wata magana a gidan biki da aka juya. Ni mai surutu ce, na san halina, bakina yakan riga tunanina fita. Amma ban sami komai ba. Kuma duk wannan lissafin a gaban wata tukunyar ganye da ke tsakar gidana nake zama ina yinsa, ban taɓa kawo ta a raina ba.

Bari in faɗi yadda ganyen ya shigo gidana. Akwai wata mata Kirista 'yar Filato da ta zauna a gidan da ke jikin namu shekara shida, mijinta malamin makaranta ne. Madam muke ce mata, duk unguwa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma gajeriya, ta kanta muke miƙa wa juna garwashi da albasa da labari. Barandarta cike take da bokitan fenti, kowanne da abin da ke tsirowa a ciki. Ranar da na fara shiga gidanta na tsaya a kan wani ganye mai faɗi, siffarsa sak ta ganyen gwaza, amma gefensa kore, tsakiyarsa ja kamar an zuba zoɓo, ga ɗige-ɗigen fari a warwatse. Na tambaye ta wace miya ake yi da shi. Ta yi dariya har ta dafa bango. Ta ce ba a ci. Na ce to maganin me ne. Ta ce ba magani ba ne, na kallo ne kawai. Na koma gida ina mamakin mutum ya ɗebo ruwa da hannunsa ya shayar da abin da ba zai shiga tukunya ba. Mu a gidajenmu abin da ake shukawa an san shi, zogale, lalo, rama, yakuwa, ko lalle a bayan ɗaki. Amma kullum na leƙa ta kan katanga sai idona ya sauka a kan jan ganyen nan, har ya zama ina tambayarta lafiyarsa kamar ɗa.

Da aka yi wa mijinta canjin wajen aiki, ana gobe za su tafi, ta kira ni ta tono mini wani dunƙule daga ƙasan bokitin, kamar ƙaramar gwaza, ta sa mini a tafin hannu. A lokacin ƙarshen bazara ne, bokitin babu ganye ko ɗaya. Ta ce haka yake, da rani yakan bushe ƙurmus kamar ya mutu, barci yake, in ruwa ya sauka zai tashi. Ta koya mini komai dalla-dalla. In sami tukunya mai huda a gindi, in jera tsingaro da gawayi a ƙasa don kada ruwa ya kwanta, in haɗa yashi da tsohon takin awaki. In ina da ɓawon ƙwai in murje in zuba a ƙasar, ruwan da na wanke shinkafa kuma kada in zubar, in ba shi. Ranar safe yake so, ta tsaka tana ƙona shi, don haka hantsi na ɗagawa in mayar da shi inuwa. Sai ta riƙe hannuna ta maimaita abu ɗaya har sau uku: kada yaro ko akuya su kai shi baki, ganyen da dunƙulen duka, yana cin maƙogwaro.

Ina da wata tsohuwar tukunyar ƙasa da ta tsage a gindi, a ciki na dasa. Ruwan farko da sati biyu, wani abu ya leƙo a nannaɗe kamar tabarmar 'yar tsana. Kwana uku ya warware. Wallahi ranar ban iya yin shara da kyau ba, sai in yi taku biyu in dawo in sake kallo. Kafin tsakiyar damina ya yi ganye bakwai, kowanne da irin zanensa. Ni kuma da ma ina magana da kaji, ina magana da murhu in ya ƙi kamawa, yarana sun girma, ta farin ta yi aure, mazan suna makarantar kwana, gidan shiru. To sai hirar ta koma kan ganye. In ina zuba masa ruwan shinkafa in ce sha, kai ma ka sha wuya jiya. In ina goge masa ƙura da tsumma in ba shi labarin tsadar barkono.

Akwai abu na biyu da ya faru a shekarar, wanda shi ne ya ɗaure mini baki daga baya. Malam hatsi yake saye da sayarwa, yana bin kasuwar Babura da na kewaye. Mutum ne mai son tsire da kilishi da shayi mai kauri. Cikin bazarar jiri ya ɗebe shi a kasuwa, da aka auna shi a asibiti aka ce hawan jini ne, kuma ya hau sosai. Aka ɗora shi a kan magani, aka ce ya rage gishiri da maiƙo, ya bar ciye-ciyen waje. Tun a hanyar dawowa ya ce mini maganar nan kada ta je kunnen Inna. Mahaifinsa shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi shekara huɗu, Inna ce ta yi jinyarsa har ya rasu. Ya ce in ta ji sunan ciwon nan a kansa ba za ta ƙara samun natsuwa ba. Ya sa na yi masa alkawari, na yi.

Daga nan rayuwarsa ta canja. Ya daina zama wajen mai shayi, ya daina tsayawa teburin mai tsire. La'asar na yi yana gida, ya shimfiɗa tabarma a gefen tukunyar ganyen yana sauraron rediyo. Tukunyar ta yi nauyi, ni kuma bayana na ciwo, sai ya zama shi ke ɗaga mini ita zuwa inuwa kafin ya fita. In kuma ya je Roni gaida Inna, ta kawo masa tuwon dawa da miyar kuka wadda ta ji gishiri da kanwa da man shanu, irin wadda da yake sha har ya lashe kwano, sai ya taɓa loma biyu ya ce a ƙoshe yake.

Sati na huɗu da fara dawowar kwano aka yi suna a dangin Malam a Gwiwa. Na je da niyyar in ga Inna in durƙusa in tambaye ta laifina. Na gaishe ta, ta amsa da lafiya lau tana kallon wani wajen. Na ga matan dangi suna matsawa in na zauna, na ce ko tabarmar ce ta yi kaɗan. Da azahar na zaga bayan zana na yi alwala, na ta da sallah a nan. Ni Allah bai ba ni karatu mai yawa ba, amma ya ba ni kunne. Ina sallamewa na ji mata biyu a ɗaya gefen zanar suna wanke kwanuka, suna magana ƙasa-ƙasa.

"Ƙanwarsa da idonta ta gani. Nono take zuba masa, fari tas, da sassafe."

"An ce har ƙwai."

"Ga ɓawon nan a cikin ƙasar. Kuma hira take yi da shi, tana tambayarsa yana jin ƙishi."

"To ai ga aikinsa nan ana gani. Namiji da gemunsa, shi ke ɗaukar mata tukunyar daga rana zuwa inuwa. Ya je gidan uwarsa ya ce ya ƙoshi."

"Ganyen ma an ce ja ne kamar jini. Gadali dai ba ya ɓuya."

Gadali. Tun ina yarinya nake jin labarinsa, tsiron da ake cewa wasu mata na dasawa a tukunya, suna ba shi nono da ƙwai, suna faɗa masa buƙatarsu, don su mallake miji ya zama sai abin da suka ce. Ban taɓa ganinsa da idona ba, ban san kalarsa ba. Sai na tuna ƙanwar Malam ta kwana biyu a gidana farkon marka, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki tana tsefe kai tana kallona ina shayar da ganyen, ba ta tambaye ni komai ba. Ni kuma har ina yi mata kurin yadda ya yi kyau. Abin da ya fi kaɗa ni shi ne babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da matan nan suka lissafa. Farin ruwa na zuba. Ɓawon ƙwai na saka. Magana na yi. Malam ya ɗauki tukunya, ya kuma ture tuwon uwarsa. In da a kan wata matar aka jera mini su haka, ban san abin da ni ma zan ce ba. Inna ta daina cin abincina ne don tana tsoron abin da zan sa mata a ciki.

Ban tsaya rabon waina ba, na nemi mota na dawo. Ina shiga gida na sunkuci tukunyar, da ciwon bayan da komai, na kai ta har zaure zan fasa a bola. A nan na tsaya. In na zubar yau, gobe za a ce ta ji an gano ta, ta ɓoye. In na bari, ga shi nan kowa na gani. Na mayar da ita inda take, na zauna ina kallon ganyen, karon farko ban ce masa komai ba.

Da Malam ya dawo na zayyana masa duka. Ya daɗe yana salati. Na ce magana ɗaya ce za ta wanke ni, ya je ya gaya wa Inna ciwonsa, ko ya sake ni daga alkawarin in faɗa da bakina. Ya ce in yi haƙuri, zai gyara ba sai an kai ga haka ba. Washegari ya tafi Roni. Abin da ya yi kuwa shi ne mafi muni da zai iya yi. Ya zauna a gaban mahaifiyarsa ya yi ta yabona, ya ce matarsa ba ta san hanyar gidan boka ba, ya ce ganyen ado ne, shi ma yana jin daɗin kallonsa. Ɗan fari ne, Inna ko sunansa ba ta faɗa, ba su saba doguwar magana ba. Yau ga shi ya zo takanas yana kare mace a gabanta. Ya dawo yana ce mini ya kashe wutar. Juma'ar da ta biyo ɗan acaɓa ya dawo tun kafin azahar, ya ce ta ce kada ya ƙara sauke kwanon daga kan babur.

Ranar Talata da hantsi ina tankaɗe, sai na ji sallama. Inna ce, ita kaɗai, da mayafinta na zuwa unguwa. Rabonta da gidana tun auren 'yata. Na shimfiɗa tabarma, na kawo ruwa a kofin da na ajiye don ita kaɗai. Ba ta zauna ba, ba ta kalli ruwan ba. Ta wuce kai tsaye inda tukunyar take a gindin rumfa, ta tsaya a kanta, ta harɗe hannu a baya kamar yadda take duba gona.

"'Yar nan, wannan ana miya da shi?"

"A'a, Inna."

"Maganin me yake yi?"

"Ba magani ba ne."

"Akuya na ci?"

"An ce kada a bari ta ci."

"Ba ci, ba magani, ba dabba, ba inuwa. To uban me yake yi miki a gida da kike ba shi abin da ba kya ba zogalenki?"

"Kallo, Inna. Na kallo ne."

Ni kaina da na ji kalmar ta fita daga bakina na san ba ta da nauyi. Shekara shida da suka wuce ni ma ban yarda da ita ba a barandar Madam. Inna ta ce ta shekara saba'in tana shuka, ba ta taɓa jin wanda ya shuka kallo ba. Ta cire mayafi ta rataya a igiya, ta sa ƙafa ta tunkuɗe tukunyar. Tukunyar ta dare biyu daga tsohuwar tsagar. Inna ta tsuguna ta sa hannu tana barbaza ƙasar, tana bismillah a hankali. Na san abin da take nema, laya, ko gashi, ko allura, ko ƙyallen rigar ɗanta. Ta fito da gawayi ta ajiye gefe. Ta fito da tsingaro, ta fito da ɓawon ƙwai, kowanne sai ta ɗaga ta nuna mini. Ina ta bayani, wannan don ruwa ne, wannan don ƙasa ne, farin ruwan na shinkafa ne. Ganye bakwai suna kwance a ƙasa, biyu sun karye.

Sai ta ciro dunƙulen. Ya yi girma, ya kai ƙwan agwagwa. Ta karkaɗe shi, ta juya, ta kankare da farce, ta shinshina. Na ga fuskarta ta ɗan saki. Ta ce wannan ai gwaza ce. Na ce ɗan'uwanta ne dai. Ta miƙo mini.

"In gwaza ce, hura wuta ki dafa. Ki ci in gani, ni ma in ci."

"Inna, ba a ci. Wadda ta ba ni ta ce yana cin maƙogwaro."

"Shi ke nan," in ji ta, ta miƙe tana karkaɗe zane. "Abin da mai shi ke tsoron kai wa bakinta, shi take kiwo a gidan da ake dafa mini abinci."

Ta nufi igiya za ta ɗauki mayafinta. Na san in ta fita ƙofar nan da wannan maganar, an gama, ba za ta ƙara cin loma daga hannuna ba har ɗayanmu ya mutu. Maganar hawan jinin tana kan harshena, alkawari ya danne ta. Ban yi tunani ba, in da na yi da ban aikata ba. Na ce Inna ki duba, na kai dunƙulen baki ɗanye da ƙasarsa, na gatsa, na tauna.

Daƙiƙa kaɗan ban ji komai ba sai ɗan bauri. Daga nan kamar an watsa mini dakakkiyar kwalba a baki. Harshe, dasashi, leɓe, har can cikin wuya, allurai ne ta ko'ina. Na tofar, amma ya riga ya kama. Yawu ya dinga zuba ban iya tsayar da shi ba, leɓena ya fara nauyi. Na buɗe baki in kira sunan Allah, abin da ya fito wani gurnani ne da ban san muryar wa ba ce.

Inna ta san ƙaiƙayin ɗanyar gwaza, duk macen ƙauye ta sani, amma ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Tsohuwar nan da ta ƙi taɓa kofin gidana, ita ce ta faɗa ɗakin girkina tana buɗe kwanuka. Ta ɗura mini manja, ta wanke mini baki da ruwa, ta riƙe kaina a ƙirjinta tana cewa tofar, tofar, wace irin yarinya ce ke. Ta leƙa waje ta sa aka kira Malam a waya, aka tsayar da adaidaita sahu. Kafin mu isa asibiti harshena ya cika bakina.

Aka kwantar da ni, aka yi mini allura, aka ce a jira kumburin ya sauka, kada in yi ƙoƙarin magana. Malam ya iso a gigice, hularsa a hannu. Inna tana tsaye a gefen gado. Sai wata nas da ke wucewa da faranti ta gan shi, ta tsaya da fara'arta.

"Baba, yau ai ba ranarka ba ce. Ko maganin hawan jinin ne ya ƙare? Ina fata dai kana nan kana kiyaye gishirin."

Nas ɗin ta dubi fuskokinmu, ta gane ta taka wani abu, ta wuce. Inna ba ta kalli ɗanta ba, bango ta kalla.

"Tun yaushe?"

"Tun bazara, Inna."

"Shi ne ƙoshin?"

Ya sunkuyar da kai. Ta nuna ni da haɓa ta tambaye shi ko ita wannan ta sani. Ya ce ta sani, shi ne ya hana ta faɗa, ta roƙe shi ya sake ta ya ƙi. Ina kwance ina jin komai, ga bayani cike da cikina, ranar da aka fi buƙatar bakina a duniya ba ni da shi. Inna ta zame ta zauna a ƙasan siminti, ta miƙe ƙafa, ta daɗe a haka. Da ta yi magana, abin da ta ce kawai shi ne ya sa hularsa, ya zauna, tsayuwar ta isa.

Da yamma aka sallame mu. Inna ba ta koma Roni ba. Ta share tsakar gidan da kanta, ta kwashe fasasshiyar tukunyar da ganyen, sauran dunƙulen kuma ta ƙulle a bakin zanenta ta ce za ta jefar inda yaro ba zai gani ba. Kwana biyu tana dama mini kunu mai ruwa-ruwa, ta fifita ya huce, ta ba ni da ludayi. Ita kuwa abin da ta dafa da hannunta take ci. Ba ta ce in yafe mata ba, ni ma ban sa rai ba. Ba wannan nake jira ba.

Ranar Juma'a muryata ta dawo, a dishe. Na tashi na jiƙa shinkafa, na fere kabewa. Tana zaune a tabarma tana kallona tun daga wanke tukunya har kwashewa, ban ɓoye hannuna ba, ita ma ba ta ɗauke ido ba. Na zuba a samirar nan tata, malmala uku, na kawo na durƙusa na ajiye a gabanta, na ajiye ruwan wanke hannu. Na koma bakin murhu na juya baya ina kankare tukunya, amma kunnena yana wajenta. Sai na ji ƙarar murfi. Sai ruwa yana zuba a kan hannu. Sai bismillah.

"'Yar nan, haka yake ci kullum?"

"Haka, Inna."

"Ba gishiri, ba mai. Wannan ai horo ne." Ta sake kai loma. "Zo ki nuna mini iya wanda kike sawa, in ya je can in san yadda zan yi."

Na ɗebo gishiri da yatsu uku na nuna mata a tafin hannuna. Ta girgiza kai, ta ci gaba da ci. Malmala biyu ta cinye, ta ce in rufe mata ta ukun za ta tafi da ita. Ni kuma na shige ɗakin girki na yi kukan da na kasa yi ranar Talata.

Kwanon ya koma zirga-zirgarsa. Satin farko ya dawo da ɗaurinta mai kunnuwa a tsaye, da daddawa a ciki. Matan dangi wasu sun dawo zama kusa da ni, wasu har yau in na miƙa musu ruwa sai sun ɗan duba cikin kofin. Na kira Madam a waya na ba ta labari tun daga farko. Da na gama ta ce, ba sau uku na gaya miki ba? Na ce yaro da akuya kika ce, ba ki ambaci matar gida ba.

Inda tukunyar take a gindin rumfa na daɗe ina kewaye shi in ina shara, kamar akwai abu a wajen. Ban sake dasa komai ba. Da damina ta zagayo na je Roni gaida Inna, na zaga bayan ɗakinta in ɗebi ruwa a randa. A gefen randar, inda ruwa ke ɗiga, ga ganye uku, gefe kore, tsakiya ja, da ɗige-ɗigen fari. Na tsaya da moɗa a hannu ina kallo. Inna ta biyo ni, ta ga inda nake kallo, ta ce nan ta jefar da shi, shi ya ga dama ya fito, ita ba ta ba shi komai ba. An kewaye shi da ƙayar magarya, an danne ƙayar da duwatsu saboda awaki.